Yadda Tsohon Ido Ya Bar Kawunku Sanusi a Waje

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku a Yekuwa duk lokacin da kuka je gaida dangin innarku. Ana ce muku ni, Ilu mai hoto, na taɓa cire kawunku Sanusi daga hoton zuri'a saboda ƙiyayya, da na ga abin zai ɓaci kuma sai na ƙirƙiro wa kaina makanta. Akwai ma wata gwaggonku da ke rantsuwa da almakashi na yanke shi, wai ta ga almakashin a aljihuna. Na daɗe ina ji ina shiru, don idan mutane suna jin daɗin labari ba sa son mai gyara musu shi. Amma yanzu ina zaune ba aikin komai, kun girma, wasunku sun aurar, bai kamata ku riƙa sunkuyar da kai a gidan kakarku saboda laifin da ban yi ba. Akwai laifin da na yi, shi ma zan faɗa, sai dai ba shi ne wanda ake faɗa ba.

Na fi shekara talatin ina yawon kasuwanni da akwatin hoto, wanda mu masu sana'ar muke kira aparai. Magariya ce gida, amma Bande da Dungas da ƙauyukan da ke tsakaninsu duk sun san labulena mai zanen jirgin sama. Aparai ɗin na pelikil ne, wato fim, a ɗauka a kai labo, ɗakin wankin hoto, a wanke. A gabansa akwai ido, wanda 'yan lakkal, wato 'yan boko, ke ce wa objektif, kuma shi ne ke yin aikin gaskiya. Akwatin ɗaki ne kawai. Idon nan maigidana da ya koya mini aiki a Damagaram ne ya ba ni ranar da ya sallame ni. Ƙarfe ne da gilashi zalla, in ya faɗo maka a yatsa sai ka yi kwana uku kana ɗingishi. Yana da zobe da ake murɗawa har fuskar mutum ta fito tas, kuma a ranar kasuwa, ga mutum ashirin suna jira, ba ka da lokacin tsayawa murɗe-murɗe. Don haka maigidana ya koya mini dabarar igiya. Igiya ce da ake ɗaurewa a ƙafar aparai, da ƙulli huɗu a jikinta. Ƙulli na farko na mai son hoton kartidantite ne, wato katin shaida, kai da kafaɗa. Na biyu na mutum a tsaye, daga hula zuwa takalmi. Na uku na ango da abokansa. Na huɗu, can ƙarshe, na taron dangi ne. Kowane ƙulli yana da tsagarsa da aka yi da magagari a jikin zoben ido. Ka miƙe igiya, ka tsai da mutum a ƙullinsa, ka murɗa zobe har farcenka ya faɗa tsagar, ka danna. Ba ya taɓa kuskure.

Don sauri aka yi dabarar. Ban san wata rana ita za ta zama idona ba.

Yanar ido ta fara mini a na hagu, na ce gajiya ce. Ta tsallaka na dama, na ce zafin rana ne. Kafin shekara uku, abin da ya wuce taku biyar sai in gan shi kamar ta cikin ruwan tsari, ga motsi ga launi amma ba fuska. Ban gaya wa kowa ba. Ku yi tunani: mai hoto, a ce ba ya gani! Kullum sai in miƙe igiyata, in murɗa zobena, sannan in kafa ido a ramin leƙe, in rufe ɗaya, in yi ta ba da umarni kamar ina ganin har ƙwayar ido. Ɗan ɗaga haɓa. Kar ka ƙifta. Wata rana a Bande na ce wa wata tsohuwa ta gyara hularta, da aka fashe da dariya na ce da na bayanta nake, alhali ba kowa a bayanta sai labule. Duk da haka hotuna suna fitowa da kyau, mutane suna yabo, har ana cewa Ilu yana ƙara tsufa hannunsa yana ƙara faɗawa. Innarku Rabi kaɗai ta gane, ranar da na shigo gida na yi wa turmi barka da aiki.

"Malam, turmi ne," in ji ta. "Ni ga ni nan bakin murhu."

"Na sani. Wasa nake."

"Shekara kusan talatin muna tare, ban taɓa ganin ka yi wa turmi wasa ba. Ka tafi likita."

Na ƙi. In aka gan ni a layin masu ciwon ido da hantsi, kafin azahar duk Magariya ta ji. Ta yi magana har ta gaji, ta rufe mini asiri, ta kuma koma ajiye buta da takalmana wuri guda kullum ba tare da ta ce komai ba.

Ana cikin haka pelikil ya fara wuya. Labo ɗin da nake kai wa aiki a Damagaram ya ce injin wankinsa ya tsaya kuma ba za a gyara ba, yanzu kart ake kawowa, ɗan abu kamar farce, a zura a na'ura hoto ya fito. Na jure wata shida da ragowar da na tara, daga nan ba yadda na iya. Na hau mota na tafi Damagaram da tsohon idona naɗe a cikin hula, na shiga shagon wani mai sayar da kayan hoto. Ya ɗauko mini sabon aparai da nasa idon a manne, ya ce wannan da kansa yake nemo fuska, ya jawo na nesa ya tura na kusa, kai dai danna kawai. Yau in na tuna sai in yi dariya, don abin da mai ciwon ido ke bukata ke nan. Amma da na shafa shi sai na ji roba sumul, ba tsaga ko ɗaya, zoben kuma yana ta juyawa ba iyaka. Da wannan dole ka leƙa ka ga wa ya shiga wa ya fita, ni kuwa leƙen nawa na ado ne. Na kwance hula na fito da nawa.

"Wannan zai hau?"

Ya karɓa ya jujjuya, ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa tsohon jaki a tashar mota. Ya gwada a aparai na farko, baki bai zo ɗaya ba. Ya gwada a na biyu, ya shiga rabi ya cije. A na uku ya murɗa, sai na ji ƙwas, irin ƙarar da na saba ji shekara talatin. Wallahi sai da hawaye ya zo mini.

"Ya hau, Baba, don kamfaninsu ɗaya, ba su canza baki ba. Amma ka ji da kyau. Ba zai nemo fuska da kansa ba, sai ka murɗa."

"Haka nake so."

"Na biyu kuma, abin da ke kama hoto a cikin wannan ƙarami ne, bai kai faɗin pelikil ba. Tsakiya yake ɗauka ya bar gefe-gefe. Sai ka riƙa ja da baya fiye da yadda ka saba."

"Ido ke gani ko ciki?" na ce masa. "Idon nan ya girme ka. Ya san aikinsa."

Ya ɗaga kafaɗa ya naɗe mini kaya. Allah ya sani mutumin nan ya fita hakkina, ni ne kunnena ya tsaya a kan "ya hau" bai ƙara gaba ba.

Sabon aparai yana da ɗan gilashi a baya, kana dannawa hoto ya bayyana nan take. Ranar farko a kasuwa na ga masifarsa. Kowa sai ya zagayo ya ce a nuna masa, a kuma tambaye ni ko ya yi kyau, ni kuwa ban ga komai a ciki ba sai haske. Washegari na kai wa baduku ya ɗinka masa murfin fata ya rufe gilashin ruf, har da ɗan tuntu don ado. Wanda ya tambaya sai in ce hoto kamar tuwo ne, ba a buɗe tukunya kafin ya nuna. Aka yarda da ni, har ana cewa Ilu ya san darajar sana'a, ba kamar yaran zamani masu ɗauka da wayar salula ba.

Alamu sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Masu kartidantite suka fara dawowa suna cewa kansu ya cika takarda, kunnuwa na taɓa gefe. Na ce haka ake yayi yanzu. Sai wani saurayi a Bande, wanda ya aro takalmin abokinsa mai ƙyalli don hoton da zai aika wa budurwa, ya tare ni a gaban jama'a.

"Malam Ilu, ina takalman?"

"Wane takalmi?"

"Na ƙafata! Tun daga Dungas na aro su. Hoto ya tsaya a gwiwa, hular ma rabi ce."

Na ce masu labo ne suka yanke don tsimin takarda, na yi ta faɗa a kansu har shi ya koma ba ni haƙuri. Na koma gida ina jin na yi dabara. Ko sau ɗaya maganar mai shago ba ta faɗo mini a rai ba, ko kuma ta faɗo na kore ta, ban tabbata ba.

Yanzu sai kawunku Sanusi. Shi ne ɗan farin kakarku, wan innarku, kuma kowa a Yekuwa ya san ba ma shiri. Tun da na je neman aure ya ce a gaban manya ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da ke neman abinci da ido ɗaya a rufe ba. Aka rinjaye shi aka yi aure, amma bai janye ba, ni ma ban manta ba. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, sai dai gaisuwar gajeriya ce kamar ta masu jin fitsari. Kun kuma san yadda kakarku take da shi. Tsohuwa ce ta da, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, uwar ba ta faɗar sunansa, ba ta zama inda yake, in ya shigo gaisuwa ta juya fuska ga bango ta amsa wa bango. "Wancan" take ce masa. Shi ma haka, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa. Mutum mai shekara sittin da jikoki!

A shekarar ne jikokin kakarku da ke ci-rani suka haɗu suka biya mata kujerar Makka. Dangi suka taru daga ko'ina don sallama, wasu a moto, wato babur, wasu a amalanke, har da waɗanda rabon a gan su tun wani aure. Tsohuwar da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai na fasfo, sai ga saƙonta ta bakin innarku: tana son a ɗauki zuri'arta kaf a takarda guda, babba, kafin ta tashi. Na ji daɗi ƙwarai. Na goge idona da audiga, na ɗauki igiya, muka tafi.

Da hantsi aka jeru a filin ƙofar gida. Kakarku a tsakiya a kan kujera, mata da yara zaune a tabarmi, maza a tsaye a baya. Sai da aka yi rabin awa ana rigimar wa zai tsaya kusa da wa. Kawunku kuwa, saboda kunyar uwa, ya wuce mutum na ƙarshe a hannun dama, ya ƙara taku uku, ya tsaya shi kaɗai a gindin rumbu da shuɗiyar babbar rigarsa da carbi a hannu. Shuɗin kawai nake hangowa.

"Yaya Sanusi, ɗan matso ciki."

"Nan ma ya isa."

"Ka matso ko taku ɗaya."

"Ka yi aikinka, ni na san inda ya kamata in tsaya."

Ban damu ba, don na san lissafina. A ƙulli na huɗu idona yana ɗaukar faɗin taku goma sha biyu, shida dama shida hagu, haka yake tun ina saurayi. Na taka daga kujerar tsohuwa zuwa gindin rumbu, taku biyar da rabi. Yana ciki. Na dawo na miƙe igiya, na murɗa zobe farcena ya faɗa tsaga ta huɗu, na kafa ido a rami na rufe ɗaya. Na ce kowa ya dubi nan. Na danna sau uku don tabbaci, aka watse aka ci tuwo ana sa mini albarka.

Na kai kart labo na ce a yi mafi girma, a sa masa katako da gilashi. Da aka miƙo mini na kai shi kusa da hanci na ga fuskokin tsakiya tas, ban bi ta gefe ba, na ce a naɗe. Saura kwana biyar ta tashi na koma Yekuwa da shi a goye kamar jariri. Aka sake taruwa a zaure da tsakar gida, na kwance takarda da kaina, na ɗaga shi sama. Aka yi ta "Masha Allah", kowa na neman kansa. Sai na ji surutun yana raguwa daga hannun dama, yana raguwa, har aka yi tsit. Gwaggonku mai maganar almakashi ce ta fasa.

"Ina Yaya Sanusi?"

"Yana nan gefe, wajen rumbu," na ce.

"Ba rumbu, ba Yaya. Ga dai hannun riga shuɗi da rabin carbi."

Wani ya ce amma ga kazar Inna ta fito har ƙwayar idonta. Yara suka kwashe da dariya, aka daka musu tsawa, su ma masu tsawar suna danne tasu. Kawunku ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa. Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Shekara talatin yana jiran wannan rana," in ji shi. "Ya samu. Ku shaida, wallahi ba zan ƙara tsayawa gaban akwatin mutumin nan ba."

A nan maganar mai shago ta dawo mini gaba ɗaya, kalma kalma. Na yi wuf na kama ta, na shiga bayani: ido tsoho ne, akwati sabo, bakinsu ɗaya amma cikin sabon ƙarami ne, tsakiya yake ci ya bar gefe, ku duba ma jakin da ke ɗaure a hagu bai fito ba. Na yi bayani mai kyau, har wasu sun fara gyaɗa kai. Kawunku ya bari na gama.

"Na ji. Ni da jaki aka bari. To amma ai leƙawa kake. Da idona na ga ka rufe ido ɗaya ka leƙa har sau uku. Ba ka ga ba na ciki ba?"

Ban taɓa jin tambaya ta ɗaure ni kamar wannan ba. In na ce na gani, na zama mugu. In na ce ban gani ba, za a ce me ya hana. Na ce zan je in kama ruwa, na fita. Kakarku duk abin nan ko hoton ba ta karɓa ba.

Innarku ta same ni bayan gida a gindin itacen bedi, rana tsaka, ina zaune riƙe da buta ba ruwa a ciki. Na ce mata za a sake, a ɗauke shi shi kaɗai a manna, ko a kira wani mai salula. Ta ce ya rantse, kuma in aka kira wani an tabbatar da zargin ke nan. Na ce to a bar shi haka, ai sauran mutum arba'in sun fito. Ta zauna a kan saiwa, abin da ba ta saba yi kusa da ni a garinsu ba.

"Malam, kana tsammanin Inna don mu take son hoton nan? Kullum tana ganinmu. Ranar da ta aiko ni ta ce, Rabi, tafiyar nan ba a san dawowa ba, ni kuwa tun da aka ɗauke wancan daga bayana ban taɓa tsai da ido a fuskarsa ba. In yana cikin taro a takarda, ba wanda zai san wa nake kallo. Ta ce kar in gaya wa kowa. Ga shi na gaya maka."

"To me kike so in yi?"

"Ni ba zan tona ka ba. Shekara uku ina rufewa, zan iya ƙara talatin. Amma saura kwana biyar."

Ta tashi ta bar ni da buta. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, don ta san abin da take nema. Sana'ar nan ita ce cinmu, ita ce sunana, ba ni da gona sai 'yar gayauna. Na kwana biyu ina juyawa, ina neman wata ƙarya mai kyau, kuma na samo guda uku, amma duk wadda na ɗauko sai in ji tambayar kawunku ta fasa ta. Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar nan. Ni da na yi shekara uku ina kallon fuskokin da ba na gani, na san abin da take nufi fiye da duk wanda ke gidan.

Rana ta uku bayan la'asar, maza suna zaune a gindin itacen ƙofar masallaci, na je na durƙusa gaban kawunku. Na ce ban ga ba ya ciki ba, don ba na gani. Na faɗi yana, na faɗi igiya da tsaga, na faɗi dalilin murfin fata, har tsohuwar Bande da hularta na faɗa. Kawunku ya ce wannan ƙarya ta fi ta jaki, ya waiga, ya ce in gaya masa wa ke tahowa can ta wajen rijiya. Na ƙura ido iyakar ƙoƙarina. Na ga abu dogo, fari, da wani ƙunshi a bisa.

"Wata mata ce da tulu a ka."

Liman ne da rawaninsa. Mutane suka zube ƙasa don dariya, wani tsoho har sai da aka bubbuga masa baya. Liman ya iso yana tambayar me ya faru, aka rasa mai ƙarfin gaya masa. Kawunku ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce ba mai hankalin da zai kira liman mace da gangan a ƙofar masallacinsa, saboda haka ya yarda. Sannan ya ce zai yi kaffarar rantsuwarsa, gobe da hantsi a sake. Har na fara jin sanyi, sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Ke nan ranar aurena da ka ce na fi kowa kyau, ba ka gan ni ba?"

"Ban gan ka ba," na ce, "amma an gaya mini."

Washegari aka sake jeruwa. Na yanke murfin fata da aska. Innarku ce ta tsaya a ramin leƙe a gaban yayyenta da ƙannenta, mayafi a baki, tana ba ni umarni yadda na saba ba mutane. Kawunku ya koma gindin rumbunsa, ko taku bai ƙara ba. Ja baya, Malam. Na ja. Ƙara. Igiya ta ƙare, na sake ta a ƙasa. Ƙara. Sai da muka shiga garken awakin maƙwabci da ƙafafun aparai ta ce ga shi nan ya shigo, har da rumbu. A wannan nisa ba ni da tsaga, don haka ita ke gani ni ke murɗawa, tana cewa kaɗan, kaɗan, ka wuce, dawo, tsaya. Wani bunsuru yana cin gefen rigata na danna. Aka zagayo aka duba ɗan gilashin baya, mutum arba'in a kan abu kamar tafin hannu, aka tabbatar kowa na ciki.

Labari ya riga ni isa kasuwar Bande. Na kafa labulena kamar kullum, mutane suka taru fiye da yadda suka taɓa taruwa, amma ba mai son hoto. Zuwa suke su tsaya nesa su ce in faɗi ko su wane ne. Saurayin nan mai takalmi ya zo da abokansa a ba shi haƙuri a madadin masu labo. Na jure kasuwa uku, a ta huɗu na naɗe labule ban ƙara shimfiɗa shi ba. Kun tuna shekarar da muka koma ƙaramin gida, kuka daina shan shayi da madara, innarku ta fara ƙosai a ƙofar gida. Ba ta taɓa goranta mini ba, ni ma ban taɓa ce mata ita ta jawo ba, ko da yake sau da yawa maganar ta zo har bakina. Ya yi ciwo, 'ya'yana. Har yau in na ji an danna hoto a gidan biki sai yatsana ya motsa.

Hoton na biyu kuwa, ana gobe za ta tashi muka kai shi. Kakarku ta karɓa ba ta ko duba ba, ta jingine shi fuska ga bango, ta ce an gode. Na fito, na zauna bayan zanar ɗakinta inda inuwa take, ina cewa a raina ashe duk a banza. Baƙi suka yi ta shiga suna fita har aka kira azahar, maza suka tafi masallaci, tsakar gida ta yi shiru. Ina shirin tashi sai na ji ƙarar katako a kan daɓe, an juyo da hoton. Innarku ce kaɗai a ciki tare da ita. Aka daɗe, har na ɗauka barci ya kwashe tsohuwar. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Ashe ya yi furfura."

"Ya yi, Inna. Ya daɗe da yi."

Na ji tana goge gilashin da bakin zanenta.

"Ba wanda ya gaya mini," in ji ta.